A Ceci Filin Ƙwallon Garinmu Kafin A Yanka Shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni wuri a shafin wasiƙu, ko da maganar za ta yi ɗan tsawo. Ni tela ne, mutumin wani ƙaramin gari a gaɓar Shuɗin Nilu, tsakanin Sinnar da Sinja a ƙasar Sudan, kuma ni ke riƙe da littafin kulob ɗin ƙwallon garinmu tun da daɗewa. Na zaɓi jaridarka ne domin 'ya'yanmu da suka watsu Jidda da Makka da Alƙahira da Port Sudan, har Kano da Maiduguri, a wayoyinsu suke karanta ta, su kuwa nake so su ji. Ana shirin yanka filin ƙwallonmu fuloti-fuloti. Ba zan ambaci sunan gari ko na kulob ba, domin maganar tana gaban hukuma kuma ba ƙarar kowa na kawo ba. Waɗanda abin ya shafa sun san inda nake nufi.

Mai karatu na Najeriya da Nijar ya sani cewa ba jiya muka zo nan ba. Wasu kakanninmu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka sauka a bakin wannan kogi. Wasu kuma mahajjata ne masu tafiyar ƙasa da guzuri ya ƙare musu, suka tsaya aikin madatsar ruwan Sinnar da aka gama a 1925 da gonakin audugar Jazira, zama ya yi zama. Garinmu haɗin waɗannan ne: manoman dawa da riɗi, masu lambun albasa da ayaba a bakin ruwa, masunta, da malaman allo. Mutanen da suka baro gida don addini ba su ɗauki ƙwallo a bakin komai ba sai lalacewa. A manyan birane kuwa ta riga ta yi nisa. An kafa kulob ɗin Hilal a Omdurman a 1930, hukumar ƙwallon ƙasa a 1936, kuma a Khartoum aka buga gasar kofin Afirka ta farko a 1957, da ƙasashe uku kacal: Masar, Sudan da Habasha. Mu a lokacin ƙwallonmu tsohuwar safa ce da aka cusa wa tsumma, muna dafuri, wato ƙwallon yara ta unguwa, a lungu ba takalmi, wani yaro na tsaye a bakin hanya yana duba ko malam na tafe da dorina.

Shekarar 1970 ce ta sauya lissafi. Sudan ta karɓi baƙuncin kofin Afirka, aka buga wasu wasannin a Wad Madani, nan kusa da mu. Wani direban lori na garinmu ya kwashi samari ya kai su, suka dawo ba su da zance sai na ciyawar fili da fararen layuka da raga. Ranar wasan ƙarshe da Ghana duk gari ya taru a ƙofar kantin da ke da rediyo, ana sauraron gidan rediyon Omdurman. Da Hasabu Sagir ya zura ƙwallon nan ɗaya da ta ba mu kofi, na ga dattawan da ke zaginmu kan ƙwallo suna tambayar juna ko an tashi. Daga ranar kowane yaro ya zama Jaksa ko Ali Gagarin, taurarin tawagar ƙasa.

Wanda ya tattara mu malamin firamare ne da aka turo daga arewa, mutumin yankin Dongola, ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Shi ya ce mana kulob ba ya yiwuwa a lungu, sai da fili. Akwai wani tudu a bayan gari, tsohuwar masussukar dawa da aka daina amfani da ita, inda ruwan damina ba ya kwanciya. Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane darajar wannan ba. Baƙar laka ce, da damina ta kama ƙafa har ƙauri, da rani ta dare har ƙafar yaro ta shige. Tudun nan kaɗai ke da jigawa-jigawa. Malamin ya ɗauki manyan samari suka je wa shehun gari da liman. An yi ta kai da komo, wasu malamai suka ce sam, wasu suka ce gara a san inda yara suke da a bar su a bakin kogi. A ƙarshe aka yarda bisa sharaɗi: wando ya rufe gwiwa, ba wasa sai an sallame la'asar, da an ji kiran magariba alƙali ya hura tashi ko da saura nawa, almajiri kuma ba ya taka fili sai ranakun da babu karatu. Shehu ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce ya ba yaran gari wannan tudu, su da 'ya'yansu, aka shafa fatiha. A zamanin maganar dattijo a gaban jama'a ita ce takarda. A wannan shekara ta 1970 kuma gwamnatin Numeiri ta yi dokar da ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. Tushen matsalarmu ta yau ke nan.

Da nafir aka gyara filin, kamar yadda ake gayyar noma. Samari suka tone kututture suka share ƙaya, masu jakuna suka yi ta jigilar yashi daga bakin ruwa ana cike ramuka. Tirakun gola bagaruwa ce aka saro daga kurmin gaɓa. Raga masunta suka saƙa mana da zaren komarsu, kuma har yau ban ga ragar kanti da ta kai tasu ƙarko ba. Layuka da toka ake zana su, kowace Juma'a da safe yara na bi gida-gida da kwano, iyayenmu mata na kwaso musu daga murhu. Ƙwallon fata ta farko karo-karo aka yi, ƙirshi-ƙirshi, aka sayo a Sinnar, mai tsumman roba a ciki da igiyar ɗaurewa. Tana kwana a ɗakin malamin, baduku kuma ya yi mata faci har fatar asali ta kusa ƙarewa.

Ta nan na shigo. Ina yaron shago a lokacin, ubangidana ya yanka riguna daga damuriya, yadin auduga na gida, ni na ɗinka lambobi a baya da hannu. Rigima ta farko da kulob ya yi a kan launi ce. Rabin samari 'yan Hilal ne suna son shuɗi, rabi 'yan Marikh suna son ja da rawaya, kuma a Sudan wannan ba ƙaramar magana ba ce, tana raba wa da ƙane. Liman ne ya raba gardama ya ce a rina kore. Koren muke sawa har yau.

Shiga gasar hukuma ya ɗauki shekaru, kuma dalilin ba rashin iya wasa ba ne. Rajistar ɗan wasa tana buƙatar takardun shaida, takardar ɗan ƙasa kuwa ta yi wa mutanenmu wuya ƙwarai. Dokar farko ta nemi mutum ya nuna cewa gidansu na nan tun ƙarshen 1897, alhali yawancin kakanninmu bayan nan suka iso. Yaron da aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, sai ya je ofis a kira shi Fallata, sunan da ake kiran masu asali daga Afirka ta Yamma, a ce ya kawo shaidu. An sassauta dokar daga baya, amma halin wasu ma'aikata bai sassauta tare da ita ba. Na san 'yan wasan da ƙungiyoyin birni suka nema, maganar takarda ta mayar da su gona. Saboda haka muka daɗe muna wasan sada zumunci kawai da garuruwan maƙwabta. Ko da Numeiri ya rushe kulob-kulob ɗin ƙasar a 1976 ya ce a koma wasan jama'a, har Hilal da Marikh suka tsaya, mu ba mu fasa ko Juma'a ɗaya ba, don babu sunanmu a littafin da aka soke.

Waɗannan shekarun na wasan ƙauye su ne na fi ƙauna. A cika bayan lori da 'yan wasa da 'yan kallo da makaɗi, ko a ƙetare kogi a kwale-kwale rukuni-rukuni, mai tsaron gida na rungume da ƙwallo kada ta faɗa ruwa. Garin da aka je shi ke ciyarwa, a kawo asida da kisra a babban faranti, in sun zo namu mu fito da tuwon dawa da miyar kuka da soyayyen kifi. Akwai ƙauyukan da iyayenmu da nasu ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba, sai ga 'ya'yansu na yi saboda ƙwallo. Ba na cewa ƙwallo ta goge ƙyama, don na sha jin baƙar magana daga bakin fili. Amma wanda ka ci tuwonsa, ka san sunan ubansa, ba ka yi masa kallon da kake yi a da. Kulob ɗin ma bai tsaya na Hausawa zalla ba. Fulani sun buga mana, Larabawa sun buga, Funj sun buga. Mai tsaron gidan da ya fi kowa a tarihinmu ɗan kudu ne, Kirista, iyayensa sun zo aikin rake. Ya iya Hausa kamar a Kano aka yanke masa cibi. Da kudu ta ɓalle a 2011 ya kwashe iyalinsa ya tafi, ya bar mini safar hannunsa, tana nan a shago.

A shekarun 1980 aka samu isassun masu takarda, muka shiga rukuni na uku na hukumar ƙwallon yankinmu. Mun taɓa hawa na biyu, muka sauko, ba mu wuce nan ba. Ba mu da kofin da za a nuna wa baƙo sai na gasar azumi. Wani abu na 1989 ya cancanci a faɗa wa 'yan'uwa na Najeriya. Da Marikh ta haɗu da Bendel United a wasan ƙarshe na kofin Afirka na zakarun kofi, maƙwabtanmu sun zaci duk garin zai bi Najeriya. Ba haka aka yi ba. 'Yan Marikh suka bi Marikh, suka kwana suna kiɗa da ta ɗauki kofin, waɗanda suka bi Bendel kuwa 'yan Hilal ne, kuma kowa ya san ba don Najeriya suka yi ba. Mu 'yan ƙasar nan ne har a gardamarmu.

Yanzu ga dalilin da ya sa na jawo duk wannan tarihi. Kulob ɗin nan ya sha mutuwa. Ya mutu a farin 1984 da 1985, lokacin da dawa ta gagara, samari suka bazama birni, masu hali suka ƙetare Saudiyya neman aiki. Ya sake durƙushewa a shekarun 1990, da ake kwasar samari aikin soja na dole, uwa ba ta son ɗanta ya tsaya a sarari inda mota za ta gan shi. Ya kuma yi sanyi da haƙar zinariya ta ɓarke, ƙarfafan gari suka nufi sahara da na'urar nema, waɗanda suka rage suka koma gidan kallo suna biyan kuɗi su ga Barcelona da Madrid. A kowane karo kwamiti ya watse, asusu ya bushe, riguna suka tsufa a akwati. Kuma a kowane karo ba wani taro ne ya farfaɗo da shi ba. Yara ne ƙanana ke fitowa da kansu bayan la'asar, su aza duwatsu biyu, su fara. Wani tsohon ɗan wasa mai wucewa daga gona ya tsaya ya gyara wa ɗaya tsayuwa, gobe ya dawo da usur. Bayan damina biyu sai ka ga an zo shagona ana tambayar kuɗin ɗinkin lamba. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa ɗaya ne, tudun yana nan babu wanda ya gina komai a kai. Na ga garuruwan da suka fi mu 'yan wasa da kuɗi, aka yanka filinsu, yau ko sunan kulob ɗinsu yara ba su sani ba.

Filin kuma ya yi aikin da ya wuce ƙwallo. A nan ake sallar idi in masallaci ya yi kaɗan. Da rikicin jihar Shuɗin Nilu ya tashi a 2022, aka kashe mutane da yawa, 'yan'uwanmu suka gudo daga wajen Damazin da Rusairis, a kan tudun nan suka fara sauke kayansu kafin a raba su gidaje. Bayan yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, Madani ta faɗi hannun mayaƙan RSF a Disamba, mutanen Jazira suka kwararo, aka kakkafa rumfuna daga gola zuwa gola. Da Sinja ta faɗi a ƙarshen Yunin 2024 mu ma muka bi hanya, yawancinmu zuwa Gadarif, cikin ruwan damina da laka. Abin da aka gani a hanyar nan ba na wannan wasiƙa ba ne. Uwargidana ce ta naɗe littafin kulob a leda ta cusa cikin kayan sawarta, ban ma sani ba sai da muka sauka. Da sojoji suka karɓe Sinja a Nuwamba aka fara komowa, muka tarar an ƙone tirakun gola an yi girki. Ban ga laifin kowa ba, mai yunwa da yara ba ya tambayar tarihin itace.

Har yanzu akwai iyalai a gefen filin da ba su da inda za su koma. A kansu aka kafa hujjar yanka shi, kuma hujja ce mai nauyi, ba na raina ta. Mutum ya fi ƙwallo, wannan ko yaro ya sani. Amma na ga zanen da ake yawo da shi. Layin da ke fuskantar hanyar mota shaguna ne, kuma ba 'yan gudun hijira ne za su iya sayensu ba. A kudancin gari akwai fili fetal da zai ɗauki ninkin waɗannan iyalai. Aibinsa ɗaya, ya yi nisa da famfo. To a ja bututu. Kuɗin bututu ana iya tara shi, samarin kulob kuma sun ce su za su haƙa ramin da hannunsu, su taya buga tubali. Su kansu mutanen rumfunan 'ya'yansu ne rabin masu buga ƙwallo a ɓangaren da ya rage, kuma wata uwa a cikinsu ta ce mini tun da suka baro Madani ɗanta bai yi barci mai nauyi ba sai da ya fara dawowa daga fili a gajiye. Yaran da suka ga abin da waɗannan suka gani, suka yi shekara da shekaru makaranta a rufe, bindiga kuma ta yi araha a ƙasa, ina so a gaya mini inda za su je bayan la'asar in an gina shaguna a wurin.

Duniya ta ji yadda Hilal da Marikh suka koma buga gasar Muritaniya saboda yaƙi, ta kuma ji yadda tawagar ƙasa a hannun koci Kwesi Appiah ta samu gurbin kofin Afirka ba tare da ta buga wasa ɗaya a gida ba, har ta ci Najeriya 4 da nema a gasar 'yan wasan cikin gida a Zanzibar a watan Agustan 2025. Mun yi murna, mun yi kuka a gaban waya. Amma manyan ƙungiyoyi suna da jirgi da masu kuɗi a bayansu, in gida ya ƙi su koma wata ƙasa. Ƙaramin kulob ba shi da inda za shi. Ɗan wasan Sudan kuwa daga dafuri da gasar unguwa yake tasowa, a irin wannan fili mai layin toka.

Saboda haka ina kira ga 'ya'yanmu na waje. Kun aiko da riguna da takalma, Allah Ya saka da alheri, yara sun ji daɗi. A bana ku dakata da riguna. Abin da ake buƙata kuɗin mai awon ƙasa ne da kuɗin rajista, a auna tudun, a fitar masa da takarda da sunan filin wasa ta hannun ofishin matasa da wasanni na mahaliya, wato ƙaramar hukuma, yadda ba za a sake kiransa ƙasar da ba ta da mai ita ba. Ana buƙatar dashen darbejiya a kewaye shi don iyaka ta fito. Duk mai tsohon hoto na wasa ko na sallar idi a filin ya ɗauka da waya ya turo, domin hujja ce ta cewa an daɗe ana amfani da wurin. Littafin da ke hannuna yana da sunayen masu biyan kuɗin wata da wasannin da aka buga tun zamanin malamin nan, da Larabci da ajami, zan kai shi duk inda aka nema. Dattawan da suka tsaya a ƙofar masallaci ranar da shehu ya yi kyautar saura kaɗan, kuma ƙarfinsu ya tafi. Muna so a rubuta shaidarsu a gaban hukuma tun suna iya magana. A cikinku akwai lauyoyi da injiniyoyi da suka fara gudu a kan tudun nan da ƙafa ba takalmi, su muke jira su duba mana takardar koke kafin a miƙa.

Ga shehunmu na yanzu da 'yan kwamitin gari, Allah Ya ja zamaninku, ba faɗa muke nema ba. Kakanku ne ya yi kyautar a bainar jama'a, muna roƙon ku tsaya a kanta, ku kuma ba mu dama mu taimaka wajen zaunar da baƙinmu a kudancin gari.

Za mu zauna a filin ranar Juma'ar farko bayan an gama yankan dawa, da an sallame la'asar. Wanda ke nesa ya wakilta wani daga gidansu, ya kuma sanar da shi abin da zai iya ɗauka.

Wassalam.

Naka,
Sakataren kulob,
daga jihar Sinnar, Sudan.